ƘASAR TOFA DA MUTANENTA: ABIN DA MASU NAZARIN ƊAN ADAM SUKA GANO A KARKARAR KANO

A wannan mako za mu bar kasuwa da ofis, mu ɗan fita bayan gari, domin akwai wata magana da ta shafi gonakin da ke ciyar da mu, wadda kuma ta shafi hannun ɗan kasuwa da alƙalamin ma'aikaci fiye da yadda yawancinmu mu ke zato.

Wanda ya fita Kano ta Kabuga, ya bi hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, da ya kai Janguza ya shiga ƙasar Tofa. Idan tafiyar ta zo a ƙarshen rani, watau wajen watan Afrilu, abin da zai fara gani shi ne gonaki a share tas, an jera musu tsibi-tsibin taki kamar an auna da igiya. Zai ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsattsaye cikin gonakin. Zai ga sauran harawa a kan rufin ɗakuna da cikin rassan itatuwa. Abin da ba zai gani ba shi ne daji, ko saurar da aka bari ta huta. Daga Lambu zuwa Doka, daga Yanoko zuwa Wangara, gona ce ke bin gona, gida na hangen gida.

Ƙidayar shekarar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tofa mutum 97,734, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 202. In aka raba, kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum wajen 480, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ƙasar kuwa yawancinta jigawa ce mai rairayi, damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. To, ta yaya ƙasa irin wannan ta ke ɗaukar noma kowace shekara, kaka da kakanni, ba ta mutu ba? Wannan tambaya ta daɗe tana jawo masana zuwa karkarar Kano, kuma amsar da suka samu ita ce abin da mu ke so mu shimfiɗa a yau.

WANE ILMI NE WANNAN?

Ilmin da mu ke magana a kansa shi ne wanda Turawa ke kira antiropoloji, watau nazarin ɗan Adam da al'adunsa da yadda ya ke tsara zamansa. Wani reshe nasa ya keɓanta da duba dangantakar al'umma da muhallinta: yadda ruwa da ƙasa da itace da dabba ke tsara rayuwar mutane, da yadda su kuma mutanen ke sāke kamannin wurin da su ke zaune.

Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a shekarar 1377, ya kafa abin da ya kira ilmin umrani, ya yi dogon bayani a kan yadda yanayin ƙasa da irin abinci da hanyar neman sa ke bambanta halin mazauna sahara da na mazauna birane. Kafin shi, Al-Biruni ya koyi harshen malaman Indiya, ya zauna da su, sa'an nan ya rubuta littafinsa a kan ƙasar wajen shekarar 1030. Abin da masanan ƙarni na 20 suka ƙara shi ne mayar da zama cikin mutane ya zama sharaɗin binciken. Bronislaw Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, yana cin abincinsu yana jin harshensu. Evans-Pritchard ya nuna a littafinsa na 1940 yadda ambaliyar kogi da bukatun shanu ke tsara shekarar mutanen Nuer na Sudan ta Kudu ta yau. Julian Steward na Amurka kuma, a shekarar 1955, ya ba wannan reshe suna da ƙa'idoji.

Hanyar aikin ba ta da wuyar faɗi, wuyarta wajen yi ta ke. Mai bincike ba ya zuwa da mota da safe ya koma da la'asar. Yakan zauna damina da rani, ya auna gonaki, ya ƙirga buhunan taki da dammunan hatsi, ya tambayi wa ya gaji wannan gona, wa ya saye ta, wa ke da ɗorawar da ke cikinta. Gani ya kori ji.

Dole mu faɗi gaskiya cewa wannan ilmi ya shigo ƙasarmu ne a jirgi ɗaya da mulkin mallaka. Gwamnatin Turawa ta ɗauki masana irin su C. K. Meek aiki don su bayyana mata al'adun waɗanda ta ke mulka, saboda haka wanda ya yi masa kallon tuhuma yana da dalilinsa. Amma daga baya, kamar yadda za mu gani, wannan hanya ta zama da talakawa ita ce ta rushe ƙarairayi da yawa da aka daɗe ana yi wa manominmu.

HASASHEN DA BAI TABBATA BA

A shekarar 1798 wani malami a Ingila, Thomas Malthus, ya yi hasashen cewa yawan jama'a kullum zai riga abinci gudu, har sai yunwa ta daidaita su. A shekarar 1935 kuma wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya arewacin Nijeriya, ya wallafa cewa Sahara na gangarowa kudu, kuma noma da kiwo da saran itace na mutanen ƙasar ne ke buɗe mata ƙofa. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai sami shaidar wannan gangarowa ba, amma maganar ta riga ta shiga kunnuwa. Tun daga nan aka saba ɗaukar manomin Arewa a matsayin mai ɓarna da jahilci, wanda sai an zo daga waje an cece shi daga hannun kansa.

Bisa wannan lissafi, karkarar Kano ce ya kamata ta fara zama fako, domin ita ce ta fi cunkoso. Sai dai tun a farkon shekarar 1851, da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taho daga Katsina ya ratso ta Bichi zuwa Kano, abin da ya rubuta shi ne ƙasa mai albarka, cike da ƙauyuka da gonaki da itatuwa masu inuwa. Bayan fiye da shekara ɗari, Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, sa'an nan a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya shiga wannan karkara da ma'auni da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Rahoton da suka fitar shi da J. Wilson a 1965 shi ya yaɗa sunan da masana ke kiran yankin da shi har yau, watau yankin Kano mai cunkoson mazauna, wanda Tofa ke cikinsa. Sun tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar da suka auna ana noma ta kowace shekara ba hutu.

A shekarar 1965 ɗin dai, wata masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmark, Ester Boserup, ta juya maganar Malthus. Ta ce idan jama'a ta yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, mutane kan ƙara aiki da dabara a kan ɗan abin da su ke da shi. Robert Netting, wanda ya zauna da mutanen Kofyar na Jihar Filato ta yau a shekarun 1960, ya ga haka da idonsa: suna gina matakala a jikin dutse, suna ɗaure awaki a turke don tara taki. Abin da Netting ya gani a kan dutse, shi Mortimore ya gani a jigawar Kano.

YADDA GONAR KE RAYUWA

Bari mu bi abin daki-daki, domin a nan ne hikimar ta ke.

Na farko, taki. Da damina ta faɗi, tumaki da awaki ba sa yawo, suna turke a cikin gida. Ana yanko musu ciyawa, ana kawo musu abin da aka cire wajen noman firi da maimai. Kashinsu yana haɗuwa da toka da sharar tsakar gida, yana taruwa wata da watanni. Da rani sai a kwashe a mangala ko a amalanke a kai gona. Watau ciyawar da ta tsotsi ƙarfin gona ta bi ta cikin akuya ta koma inda ta fito.

Na biyu, haɗa iri. Manomin Tofa ba ya shuka abu ɗaya. Gero yana nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa tana biyo baya, wake da gyaɗa suna shimfiɗe a tsakaninsu. Masana kimiyya sun tabbatar cewa saiwar wake da ta gyaɗa tana ɗauke da wasu ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa. Harawarsu kuwa ita ce abincin dabba da rani, kuma haja ce mai tsada a kasuwa. Idan ruwa ya yanke wa wani iri, wani ya tsira.

Na uku, itatuwa. Itacen da ke cikin gona ba tsirowa ya yi kawai aka ƙyale shi ba, zaɓensa aka yi. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa, kuka tana ba da miya, tsamiya tana ba da kunu. Kowane itace yana da mai shi, kuma sassabe rassa a ke yi, ba a kayar da uwar sai da dalili mai ƙarfi. Wani bincike a kan itacen girki na Kano da aka wallafa a 1990, wanda malaman Jami'ar Bayero suka yi, ya gano cewa itatuwan gonakin kusa da birni ba su ragu ba duk da farin da aka sha. Itacen da birni ke ƙonawa, manyan motoci ne ke ɗauko yawancinsa daga dazuzzuka masu nisa. A nan akwai abin lura ga 'yan kasuwa: inda itace ke da mai shi ya tsira, inda ya ke na kowa da kowa can ne gatari ya yi ɓarna.

Na huɗu, birni. A shekarun 1960 masu bincike sun tsaya a hanyoyin shiga Kano suna ƙirga jakuna. Da safe jakunan kan shigo da itace da kara da hatsi, in za su koma kuma su ɗauki takin birni. Birni yana cin amfanin karkara, karkara tana cin sharar birni, kowa ya huta.

Na biyar, abin da ba hannun kowa a ciki. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda mu ke rufe tagogi saboda ita, tana sauke wa gonaki sinadarai masu amfani kowace shekara. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna a Tumbau ta ƙasar Gezawa tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Ta nuna cewa wake da gyaɗa da dabbobin turke da wannan ƙura su ne ginshiƙan da ke riƙe da ƙarfin ƙasar, ko da ya ke riƙon ba mai yalwa ba ne, kuma yana bukatar aiki ba ƙaƙƙautawa.

Idan muka haɗa waɗannan duka, za mu ga cewa albarkar gonar Tofa, bayan ikon Allah, gina ta aka yi kamar yadda a ke gina soro. Kowace taƙi ta baƙar ƙasar da ke saman rairayin nan gumin wani ce, daga kaka zuwa jika.

MANOMI YANA DA LISSAFINSA

Tarihi ya ba mu misalai biyu da ke nuna cewa mai fartanya ba ya aiki da ka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai auduga za a noma musu don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi, suka duba aikin da kowane iri ke ci, suka ga gyaɗa ta fi riba, ta dace da jigawa, ana iya haɗa ta da hatsi, kuma in shekara ta ɓaci ana iya cin ta. Daga 1912 gyaɗa ta mamaye tashar jirgi, har aka kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. Da fari da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, manoman suka ƙara ƙarfi a kan wake, ba su jira takarda daga ofis ba.

Misali na biyu shi ne farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984. Mortimore ya bi mutanen Dagaceri, can arewa maso gabas a Jihar Jigawa ta yau, shekara da shekaru, ya rubuta littafi a kan haka a 1989. Ya nuna yadda gidaje suka tsira ta hanyar sauya iri zuwa mai saurin nuna, da sayar da ƙananan dabbobi, da saƙar igiya da tabarma, da tafiya cin rani, da taimakon dangi. Watau sana'ar rani da fatauci da zumunci su ma wani sashe ne na noman, domin kuɗin da ɗa ya samo a birni shi ke sayen tunkiyar da za ta ba gona taki. A ƙetaren iyaka ma, manoman Maraɗi da Damagaram sun koma barin toho yana girma a gonakinsu tun daga tsakiyar shekarun 1980, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta wajen miliyan 5.

GIDA, GANDU DA GADO

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wata masaniyar wannan ilmi, Polly Hill, wadda ta fara zama a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina ta fitar da littafi a 1972, ta zo ta zauna a Ɗorayi, kudu maso yamma da ganuwar Kano, a 1971 zuwa 1972. Littafinta na 1977 ya kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970, kuma abin da ta gani ba mai sanyaya rai ba ne. Ta tarar da manyan gidaje, wasunsu mutanen ciki sun kai ɗari, ta tarar kuma da magidanta da yawa waɗanda gonarsu ba ta isa ta ciyar da su ko rabin shekara ba, wasu ma ba su da ko taƙi. Ta nuna cewa kalmar "manomi" tana ɓoye bambanci mai girma: akwai mai rumbuna da dabbobi da kuɗin sayen taki, akwai kuma wanda dole ya bar tasa gonar a lokacin noma ya tafi ƙwadago a ta wani, ya sayar da hatsinsa da kaka da araha, ya sake sayen sa da bazara da tsada.

Saboda haka maganar Mortimore da ta Polly Hill ba su rushe juna ba. Ƙasar tana iya zama da rai alhali wasu daga cikin masu ita suna cikin ƙunci. Wanda ba shi da akuya ba shi da taki, wanda ba shi da taki ƙudujin da a ke kira wuta-wuta ya cinye masa dawa.

A nan ne tsarin gida ya ke shigowa. Gandu, inda uba da 'ya'yansa ko 'yan'uwa ke noma babbar gona tare, kowa kuma yana da gayaunarsa, shi ne ya ke tara hannuwan da wannan noma mai cin aiki ke bukata. In gandu ya watse, aka raba gado, gona ɗaya takan zama yanki-yanki. Mutane sun samo hanyoyin rage wannan illa: wani ya sayi rabon ɗan'uwansa, wasu su bar gonar a haɗe su riƙa raba amfani, wasu su yi aro ko haya ko jingina. Wanda bai san waɗannan ba, in ya dubi taswira a ofis, zai ga layuka ne kawai, ba zai ga haƙƙoƙin da ke sarƙe a kan kowane yanki ba, har da rabon mata da marayu wanda sau da yawa yana hannun wani ɗan'uwa a matsayin amana.

Malamanmu na fiƙihu ba su gafala da wannan fage ba. Zakkar amfanin gona kanta ta duba yadda ruwa ke zuwa: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga abin da aka sha wahalar ban ruwa. Akwai hukuncin rayar da matacciyar ƙasa, akwai harimin rijiya da na gari, watau filin da ba a mallake shi domin amfanin jama'a ne, kamar wurin kiwo da na itace. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. Burtali da makiyaya da mashaya da mu ke gani a karkara suna da gindi a cikin wannan fahimta, kuma toshe su na daga cikin abin da ke haddasa rigimar manoma da makiyaya a yau.

INDA MAGANAR TA SHAFE MU

Yanzu sai mu dawo kanmu. Ɗorayin da Polly Hill ta auna gonakinta, yau unguwa ce a cikin birni. Inda aka yi shekaru ɗaruruwa ana zuba taki, yanzu bulo ne da kwalta. Birnin kuma bai tsaya ba, yana bin hanyar Gwarzo, ya riga ya taɓa gefen ƙasar Tofa ta wajen Janguza da Langel. Masu sayen gonakin nan su yanka fuloti, mu ne 'yan kasuwa. Masu sa hannu a takardun, mu ne ma'aikata.

Ba mu ce kada gari ya faɗaɗa ba, domin jama'a na bukatar muhalli. Amma akwai abubuwa huɗu da wannan ilmi ya koya mana, waɗanda ya kamata mu riƙe.

Na ɗaya, ƙasa ba duka ɗaya ba ce. Gonar da aka gina ƙarfinta shekara ɗari, in aka zuba mata siminti, ba a mayar da ita. Ya kamata masu tsara gari su san inda fadama ta ke, da inda ƙasa mai ƙarfi ta ke, da inda burtali ya bi, kafin su ja layi, su karkata gine-gine zuwa fako da tsandauri inda hali ya yi.

Na biyu, diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma diyyar da ta tanada ta abin da aka yi a kan ƙasar ce, kamar gini da shuka da itatuwa masu amfani. Ma'aikacin da aka tura ƙiyasi zai ƙirga ɗorawa da mangwaro, amma takin kaka da kakanni ba ya cikin takardarsa. Manomin da ya karɓi kuɗi ya rabu da gona, sau da yawa kuɗin kan ƙare cikin shekara biyu ko uku, ya koma ɗan ƙwadago. Wanda alƙalami ke hannunsa ya tuna da wannan, ya nemi a ba da musanyar gona inda zai yiwu, ya kuma tabbatar an san dukan masu haƙƙi kafin a biya mutum ɗaya.

Na uku, sharar birni. Har yanzu manoma na sayen ta a tifa, amma yanzu cike ta ke da leda da fasassun kwalabe da batura. Sai manomi ya tsince ko ya ƙone, dabba kuma in ta haɗiye leda ta rame ta mutu. Tsohuwar amanar da ke tsakanin birni da karkara mu ne muka gurɓata ta. Ware leda daga shara tun daga gida da kasuwa aiki ne da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya farawa ba tare da jiran kowa ba.

Na huɗu, tambaya kafin umarni. Mun ga shirye-shirye da yawa: na Ciyar da Ƙasa a 1976, na Juyin Noma a 1980, da hukumar KNARDA da aka kafa a farkon shekarun 1980. Sun kawo alheri, kamar hanyoyi da rijiyoyi da takin zamani. Amma duk inda aka ce wa manomi ya daina haɗa iri, ko aka kawo masa waken da ba ya harawa, sai ya karɓa da ladabi ya koma ga abin da ya sani, a ce masa mai taurin kai. Alhali lissafinsa ya haɗa da akuyar da ke turke, wadda mai kawo irin bai gani ba. Takin zamani yana da amfani ƙwarai, amma a jigawa ya fi aiki in ya tarar da takin gargajiya a ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Abin farin ciki shi ne wannan bincike ya daina zama na baƙi kaɗai. Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a shekarar 2012, a kan hanyar Gwarzo ɗin nan, kusa da gonakin da mu ke magana. 'Ya'yanmu da ke karatu a can ba sa bukatar tafinta, wasunsu ma a gidajen nan aka haife su. Abin da ya rage shi ne masu hali su tallafa musu su zauna a ƙauyuka su rubuta abin da tsofaffi suka sani na ƙasa da iri da itace tun suna raye, hukuma kuma ta karanta abin da suka rubuta kafin ta yanke shawara.

Mu kuwa, duk ranar da aka kawo mana tallar gona a ƙasar Tofa, ko aka ajiye mana fayil ɗinta a kan tebur, mu yi ƙoƙari mu taka da ƙafarmu mu je. Mu tambayi wa ke noma ta, mutum nawa ke ci daga gare ta, wa ke da itatuwan ciki, ina dabbobi ke bi su sha ruwa. Tambayoyin masu nazarin ɗan Adam ke nan, kuma ba sai mai digiri ne zai iya yin su ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.